Kafin Ka Ɗora Kejin Ummi a Mota

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Daga mahaifinka, a nan Ogui, Inugu, zuwa ga Abba, wanda ƙofar ɗakinsa take kallon tawa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Ko da yake na san lafiyarka ƙalau, don tun safe nake jin ka kana ɗaure kaya kana buga ƙofa kamar ita ce ta yi maka laifi. Allah ya sa tashin nan naku zuwa Fatakwal tashin alheri ne, ya tsare ku a hanya, ya sa ku sauka a kan sa'a, ya haɗa ku da maƙwabta nagari. Amin.

Kada ka yi mamakin uban da yake rubuta wa ɗansa wasiƙa alhali tsakar gida ɗaya suke alwala. Kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina gare ka, ka ga kunya biyu ke nan a kaina. Ga shi kuma ka san halin bakina. Duk lokacin da na buɗe shi zan faɗi magana mai nauyi, sai wasa ya riga ta fitowa, ita kuma ta koma ciki ta zauna. Alƙalami ba ya dariya, shi ya sa na ɗauko shi. Ka yi haƙuri da rubutun. Ka san a aji huɗu na tsaya, shi ɗin ma sai da na maimaita, don malaminmu yana sona ƙwarai, bai so mu rabu da wuri ba.

Maganar ɓerayen Masar ɗin Ummi ce.

Bari in jera ta yadda na gan ta, in na karkace ka gyara mini. Ranar Asabar mota za ta zo ta kwashe ku zuwa unguwar Rumuokoro a Fatakwal, inda ubangidanka ya damƙa maka shago. Ɗaki biyu ka kama a gidan haya. Cikin ɗaki biyun nan za a zuba kai, da Maman Ummi, da Ummi, da kyanwar Maman Ummi wadda ta rena tun ba ta buɗe ido ba. Tantabarunka za su hau saman rufi. Da bakinka ka ce mai gidan yana da kare wanda ake kwancewa in an rufe ƙofa, kuma maƙwabta suna da kaji. To, a kan wannan taron ne kake son ƙara wasu halittu biyu da ba su da ƙaho, ba su da farce, ba su da fiffike, ba su iya komai ba sai cin ganye da tsuwwa.

Na san ba don nishaɗi ka yi ba. Tun ranar da amaryata Ummi ta ji za a raba ta da gidan nan ta daina cin abinci. Yarinya mai shekara shida ta zauna ta tasa tuwo a gaba tana kallonsa kamar an aiko shi ya kama ta. Abin da kawai yake sa ta dariya shi ne in ta tsallaka gidan Mama Chidi, maƙwabciyarmu mai sayar da ganyen ugu, ta tsugunna gaban kejin ɓerayen Masar ɗinta, wajen 'yan ƙananan nan biyu da aka haifa kwanan baya. Ina zaune ka durƙusa gabanta ka ce, “Ci abinci, Ummi. Na yi miki alkawari, da su za mu tafi.” Ta ci. Wallahi ni ma na ji daɗi. Amma tun a lokacin na fara tunanin kyanwa.

Sai ranar da na fito na tarar da kai a ƙofar gida kana wanke keji, abokanka suna kan benci. Da ni mai hankali ne, da na kira ka gefe. Ni kuwa sai na gyara hula na ce, “Madalla, Abba! Haka ake son maigida, in zai yi tafiya ya yi wa kowa guzuri, har kyanwa.” Abokanka suka fashe da dariya, Ɗanjuma mai okada har da dukan cinya. Kai ba ka yi dariya ba. Ka ɗago ka dube ni, abin da ba ka saba yi ba, ka ce, “Ba komai, Baba. In ta cinye su sai a sayo wasu masu kama da su. Ai yara ba sa ganewa.”

Abokanka sun ɗauka amsa ce kawai. Ni da kai mun san ba haka ba ne. Tun daga ranar gaisuwa ce kaɗai take haɗa mu, ita ma a tsaye. Abin da ban sani ba, shin dutsena ka ɗauka ka maido mini, ko kuwa da gaske shirinka ke nan? In jifa ne, na karɓa, ya same ni inda ya dace. In kuwa shiri ne, to ka zauna ka karanta wannan har ƙarshe, don ni na riga ka bin hanyar, na san inda take ɓullewa.

Kai kana tuna ƙarshen labarin. Bari in ba ka farkonsa, don lokacin kana kamar Ummi.

Muna Anacha a lokacin, ɗaki ɗaya da 'yar baranda, ina sayar da albasa. Wata mata 'yar Ibo da take saye a wurina ta kawo mini ɓerayen Masar biyu a cikin kwali, kyauta. Ban tambayi kowa ba, ban tsaya tunanin komai ba, na ɗauko kwali na nufo gida ina tafe ina buɗa kafaɗa kamar wanda ya dawo daga Makka da tsaraba. Mahaifiyarka ta leƙa kwalin ta ce, “Malam, mene ne wannan kuma?”

Na ce, “Ɓerayen Masar ne. Na yaron nan ne.”

Ta ce, “Mun ajiye kyanwa don ta rage mana ɓeraye, kai kuma ka je ka ƙaro?”

Na ce ita ba ta san kayan ƙawa ba. Kai kuwa ka riga ka rungume kwali. Farin mai ɗigon baƙi a kunne ka sa masa Tafarnuwa, jan ka sa masa Tattasai, don ɗan mai albasa ba shi da wasu sunaye a kansa sai na kayan miya. Da ta ga fuskarka sai ta yi shiru. Ni na ɗauka shirun nan amincewa ne.

Wa ya share keji? Ita. Wa ya bi bayan gidaje yana neman ɗanyar ciyawa, ga goyon ƙanwarka a baya? Ita. Wa ya riƙa korar kyanwa da tsintsiya yana girki? Ita. Ni aikina shi ne in dawo da yamma in tsaya a kansu in ce, “Kai, sun yi ƙiba.” Na sha yabo a unguwa, ana cewa Malam mai son yara ne.

To, ka ji na farko. Ka tambayi Maman Ummi. Kai shago za ka wuni, a baƙon gari, ita za ka bari da kyanwa a hannun dama, keji a hannun hagu. Kuma kada ka tambaye ta a gaban Ummi, don babu uwar da za ta iya cewa a'a 'yarta tana kallon bakinta. Wannan ba tambaya ba ce, tarko ne, ni na ƙware a ɗana shi. Ka tambaye ta ku biyu, ka yi shiru har ta gama. In ta ce “duk yadda ka gani,” to ba ta amsa ba tukuna, ka sake tambaya.

Na biyu shi ne babba, shi ne wanda har yau in mahaifiyarka tana son ta rufe mini baki a gaban baƙi take cewa, “Alhaji, a kawo kwano?”

Ka san a kasuwar Anacha ni ne mai sulhu. In 'yan albasa biyu suka yi rigima a kan mai saye, ko 'yan dako suka kai ga cin kwala, shugabanmu ni yake aika wa. Ba ni da ilimi, ba ni da ƙarfi, amma ina da dabara ɗaya. Sai in sa a kawo shinkafa da wake a kwano ɗaya, in zaunar da su, in yi ta zuba musu shirme har ɗaya ya yi dariya, sannan in ce bismillah. Mutumin da ya sa hannu a kwano ɗaya da kai, gobe yana jin nauyin ya cuce ka. Haka muka gada, kuma wallahi yana ci. Na sasanta mutanen da 'yan sanda suka gaji da su.

Sai kaina ya kumbura. Na ce wanda ya sasanta Bakano da Basakkwace a kan buhun albasa, kyanwa ce za ta gagare shi?

Kyanwarmu ta lokacin Kande sunanta. Na samo faffaɗan kwano, na sa kan busasshen kifi a gefe ɗaya, ganyen kabeji a ɗaya gefen. Na fito da Tafarnuwa da Tattasai na ajiye. Na riƙo Kande ta ƙeya na zaunar da ita, na yi gyaran murya na ce, “Kande, waɗannan ƙannenki ne. Yau kun ci kwano ɗaya. Daga yau amana ce tsakaninku.” Saura kaɗan in ce a shafa fatiha, mahaifiyarka ta watso mini wata harara, na haɗiye. Kande ta cinye kifinta tsaf, ta lashe baki, ta dubi ƙannenta, ta lumshe ido. Kai kana tsalle kana cewa sun shirya. Ni kuwa ina jin kaina kamar alƙalin alƙalai.

Daga ranar kullum Kande tana kwance a gaban keji, ta ɗora haɓa a kan ƙafafu, wutsiya tana ɗan motsi. Na ce wa mahaifiyarka, “Kin gani? Gadi take yi musu.”

Ta ce, “Gadi ko jira?”

Na ce mata ita dai ba ta da kyakkyawan zato. Ai Kande kyanwar Lami ce, ba cizo ba yaƙushi.

Akwai abin da na gani da idona amma na fassara shi yadda nake so. Da can in suka ji motsin leda sai su cika gida da tsuwwa. Da Kande ta fara gadinta sai suka yi tsit. Suka koma cikin wani tsohon gwangwani da muka sa musu, ba sa fitowa sai ta tashi. Ganye ya riƙa kwana. Na ce, “Kun ga tarbiyya, har sun yi hankali.” Ashe tsoro ne yake cin su tun kafin kyanwa ta ci su. Kai kaɗai suke fito wa. In ka dawo daga makaranta ka kaɗa ledarka ta ɓawon karas, Tafarnuwa yakan manta da Kande, ya taho da gudu ya ɗora ƙafafunsa a jikin waya yana kiranka.

Abba, ka riƙe wannan ko da ka watsar da sauran. Shiru ba zaman lafiya ba ne. In ƙarami ya yi shiru a gaban babba, ka duba da kyau, wataƙila ba ladabi ba ne, rai ne yake ɓoyewa. Kuma sulhu na masu jin kunya ne. Kyanwa ba muguwa ba ce, haka Allah ya yi ta, hali zanen dutse. Kyanwar Maman Ummi tana kwana a ƙafar Ummi, na sani, ban ce ba ta da kirki ba. Kande ma a ƙafarka take kwana.

Ranar da abin ya faru motar albasa ba ta iso da wuri ba, ina gida. Za ka tafi makaranta, ka kai bakin ƙofa ka juyo ka ce, “Baba, kada ka buɗe musu.” Na ce, “Je ka abinka, ai ina nan.” Da rana ta ɗaga na ga zafi ya dame su, na ce bari in buɗe su sha iska a baranda, ai sun ci kwano ɗaya. Ina buɗewa aka yi sallama aka ce mota ta iso, ana sauke kaya, in ban hanzarta ba ragowa zan samu. Na zari hula na fita. Mahaifiyarka tana bakin famfo. Da ta dawo ta tarar da Tattasai a cikin gwangwani yana rawar jiki, Kande kuma tana bayan durom ɗin ruwa da abin da ya rage na Tafarnuwa.

Aka aiko mini. Na bar albasa a ƙasa na hau okada, ba gida na nufa ba, wurin matar nan na nufa. Na samo wani fari, girmansu ɗaya, sai dai ba shi da ɗigo a kunne. Na shigo gida na ce mahaifiyarka ta ba ni kwallinta.

Ta ce, “Malam, ka ji tsoron Allah. Ka gaya masa gaskiya. Yaro ne, zai yi kuka ya gama.”

Na ce, “Ba na son ganin hawayensa.”

Ƙarya nake. Hawayenka na sha gani, ko allura aka yi maka sai unguwa ta ji. Abin da ba na son ji shi ne, “Baba, ai na ce maka.” Gemu guda a fuskata, ina tsoron kalma biyar daga bakin yaro. Na zauna na ɗiga wa bawan Allah kwalli a kunne, har ina karkata kai ina duba aikina kamar mai zanen hula.

Ka dawo, ka kaɗa leda. Ba wanda ya taho. Farin ya ruga lungu ya cusa kai. Ka sake kaɗawa. Ka sa hannu ka ɗauko shi yana ta zillo, ka shafa kunnensa yadda ka saba, sai ga baƙi a yatsanka. Ka dubi yatsa, ka dube ni. Ni kuwa, Allah ya shirye ni, sai na ce, “Kwalliya ya yi, zai je zance.”

Ba wanda ya yi dariya. Ba ka yi kuka ba, ba ka ce ai na ce maka ba. Da ka faɗa da ya fi mini sauƙi. Ka juya wurin mahaifiyarka ka ce, “Inna, da gaske?” Ta shige madafa.

Ka san tun daga ranar ban sake gaya maka wata magana ta zauna ba sai ka kai ta wurinta an buga mata hatimi? Da na ce maka ka ci jarrabawa, sai da ka tambaye ta. Da na ce za mu bar Anacha mu dawo Inugu, sai da ka tambaye ta. Ko wata na ce an gani, sai ka kunna rediyo. Kwanan nan ma, da ubangidanka ya same ni a kasuwar Kenyatta ya ce zai ba ka shagon Rumuokoro, na taho da albishir har ina tuntuɓe, ka ce “to, Baba,” ka miƙe ka shiga ɗakinta. Ina jin ka ta taga, ƙato da kai, da 'yarka: “Inna, da gaske?” Nakan mai da shi abin dariya, in ce ni rediyo ne, ita ce jarida. Amma ba daɗi, Abba. Ɓeran Masar ɗaya na kashe da sakaci a ranar, wannan Allah ya yafe mini. Abin da na kashe da kwalli shi ne har yau ban samo madadinsa ba, kuma shi ba a sayar da mai kama da shi.

Yara suna ganewa. Kai ne shaidata.

Tattasai ma bai daɗe ba, shi ma aikina ne. Don in nisanta su da Kande sai na ɗora kejin a kan rumfar langa-langa, na ce nan ba za ta kai ba. Kande ba ta kai ba, rana ta kai. Na gudu daga kyanwa na faɗa wa zafi. Liman ɗinmu na lokacin, da labari ya kai masa, bai yi mini dogon wa'azi ba. Cewa kawai ya yi, dabbar da take sake tana neman abincinta a wurin Allah, wadda ka kulle kuwa a wurinka take nema, kuma za a tambaye ka. Na ce, “Allah gafarta Malam, har da ta kyauta?” Ya ce, “Har da ta kyauta.” Ranar ma ba a yi mini dariya ba.

Yanzu ka auna gidan da za ka, wanda sau ɗaya ka gan shi, shi ma da rani. Na sha kai albasa Fatakwal, na san ruwan garin nan, in ya sauko ba ya sallama. Keji a ƙasa, ruwa. Keji a tsakar gida, kare, ko bai taɓa su ba haushinsa kaɗai ya isa. Keji a ƙarƙashin rufi, kashin tantabarunka. Keji a bayan ɗaki, hayaƙin janareta. Keji a cikin ɗaki, kyanwa. Su kuma ba su san tuwo ba, ba su san garin kwaki ba, ɗanyen ganye suke so kullum, safe da yamma, kuma ba ciyawar bakin titi wadda ta sha baƙin mai ba. Wa ka sani a Rumuokoro da zai ba ka ganye? A nan Mama Chidi ce take zuba musu ragowar ugu. Ko tafiyar kanta ka duba. Bayan mota, cikin zafi, tsakanin katifa da tukwane, kwandon kyanwa a gefe tana shaƙar ƙamshinsu tun daga Inugu har Fatakwal. Wane ido za ka yi wa Ummi in aka buɗe kwali a can aka tarar ɗaya ba ya motsi? A ranarku ta farko, a garin da dama ba ta son zuwa?

Ban hana ka ba. Gidanka ne, 'yarka ce, alkawarinka ne. Ana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma babban da ya yi wa kyanwa sulhu ba shi da bakin wannan karin maganar. In kun zauna da Maman Ummi kun ga akwai wurin da kyanwa ba za ta shiga ba, ba ma za ta gan su ba, mai iska, mai inuwa, da keji mai ƙafafu, daɓensa katako ba waya ba, ƙofarsa da sakata wadda ko tsoho mai gaggawa ba zai manta da ita ba, to ku ɗauka, Allah ya raya. Amma ba ranar Asabar ba. Ba a gwada zurfin ruwa da abin da yarinya take so.

Ga shawarata, in za ta shiga.

A ƙauyenmu, in mace tana da akuya kuma ba ta da wurin ajiye ta, sai ta ba da kiwo. Akuya tata ce, ba a sayarwa, ba a yankawa, ba a musanya ta da wata. Mai kiwo ya ci da ita, ya shayar, in ta haihu a ba shi rabonsa. Mai akuya kuma tana da ikon ta zo duk ranar da ta ga dama ta duba dukiyarta, in ta ga rama ta yi faɗa. To, Ummi ta karɓi ɓerayenta daga hannun Mama Chidi, su zama nata, ta raɗa musu suna. Sannan ta ba ni kiwo, a gaban shaidu, yadda ake yi. In kyanwa ta bi ku, gidan nan ba sauran mai farce sai mahaifiyarka, ita kuma ta yi alkawarin ni kaɗai za ta riƙa yaƙusa. Ku je ku zauna, ku ga damina, ku ga halin karen, ku san mai ganye. In wuri ya samu, ni da kaina zan hau mota in kawo su a kan cinyata. In bai samu ba, suna nan, tana da dukiya a Inugu.

Na je na tambayi Mama Chidi ko za ta ci gaba da ba ni ganye. Ashe mahaifiyarka ta taɓa ba ta labarin Anacha. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Alhaji, na you? Abeg no paint dem o!” Wato dai kada in shafa musu fenti. Ka ga inda sunana ya kai, har Ibo sun san ni da kwalli. Ta kuma rantse duka biyun mata ne, ka ga ke nan ba haihuwa, ba rabo. Ni ne makiyayin farko da ya karɓi kiwo don asara.

Amma akwai sharaɗi, kuma shi ne dalilin takardar nan duka. Ban ce wa Ummi komai ba, ba kuwa zan ce ba. Kai ka yi alkawari, kai za ka je. Alkawari kaya ne, in ya fi ƙarfinka ba a jefar da shi a bayan mai shi, a gabansa ake sauke shi. Ka durƙusa yadda ka durƙusa ran nan, ka ce mata, “Ummi, na yi miki alkawari ban yi tunani ba. Ina tsoron kyanwa ta cinye su. Na yi kuskure.” Kada ka ce mota ce ba wuri, kada ka ce Mama Chidi ce ta hana, kada ka ce Kaka ne. Za ta yi kuka. Wataƙila ta sake ture tuwo, wataƙila ta ƙi kallonka har Fatakwal. Ban ce maka da sauƙi ba, ni da na gudu daga irinsa a kan okada. Amma kukan gaskiya yana da ranar ƙarewa. Ina so ran da za ka dawo daga shago ka ce mata “Ummi, albishirinki,” ta ce “goro,” ba ta juya tana neman fuskar uwarta ba.

Ni kuma ga nawa alkawarin, a rubuce, don ka samu abin kama ni. In ɗaya ya yi ciwo, za ta ji a ranar. In ya mutu, ni zan kira ta a waya in gaya mata da bakina, ba wasa a ciki. Kwallin mahaifiyarka kuma na ce ta sa masa kwaɗo.

Kada ka ce ban faɗi son zuciyata ba. Mai dukiya dole ta riƙa zuwa duba dukiyarta, kuma yarinya ba ta hawa mota ita kaɗai, sai an rako ta. Saboda haka in ka ji ina addu'a Allah ya ƙara wa kyanwar Maman Ummi lafiya da kaifin farce, ka san inda na dosa.

Maganar ƙofar gida kuma, a gaban abokanka, ban kyauta ba. Baki shi ke yanka wuya, nawa ya daɗe yana yanka nawa. Ka yafe mini.

Allah ya kai ku lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin dare da na rana. Allah ya sa albarka a shagonka, ya ba ka masu saye masu gaskiya, ya kare ka daga rigimar da za ta sa a nemo mai kwano. Allah ya ba Maman Ummi haƙurin zama da ɗan mahaifinsa. Allah ya raya mana Ummi, ya buɗe mata ciki ta ci abinci, ya sa ta yi ƙawaye a can. Ka riƙe salla, ka nemi masallacin 'yan'uwa tun ranar da ka sauka, ka gai da manya a tsugune.

Na san in ka gama karantawa za ka ninke takardar nan ka nufi ɗakin mahaifiyarka. Ka je, hanya ce da ka saba, kuma ba ta taɓa yi maka ƙarya ba. Amma in Allah ya sa yau ka wuce ƙofarta, ina kan benci a ƙofar gida. Na kori su Ɗanjuma. Ni kaɗai ne, kuma bakina a rufe yake.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka.